Kuɗin mai da na wuta suna cinye ribar shagon ɗinkina: a ina ya kamata in fara ragewa?

Tela Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a sana'a da kuma masu ilimin lissafi. Shekarata goma sha huɗu ina riƙe da shagon ɗinkin kayan maza a Fagge. Ina da kekunan wuta shida, da keken wibin (mai ɗaure bakin yadi) ɗaya, da dutsen guga na lantarki guda biyu. Mutum bakwai ne suke aiki tare da ni: huɗu ƙwararru ne da nake biya bisa yawan kayan da kowa ya ɗinka, uku kuma yara ne masu koyo. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, kuma ban taɓa zama na lissafa abin da janareta yake sha ba. Zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, ko da yake ta ɗan sauko daga baya. Sau biyu na ƙara kuɗin ɗinki, kuma na lura wanda ya saba kawo kala huɗu yanzu biyu yake kawowa. Aiki bai tsaya ba, amma idan wata ya ƙare sai in ga babu abin da ya saura a hannuna. Abin da nake tunani shi ne in sallami yara biyu daga cikin masu koyo, in kuma daina sayen abincin rana da nake yi wa kowa. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai shawarata ita ce ka yi abin da ka riga ka gani. Shago ba gidan marayu ba ne, kuma idan ya rushe, su bakwai ɗin ne za su rasa madogara gaba ɗaya, ba biyu ba. Mu ma a Kantin Kwari da yawa daga cikinmu mun rage yaran shago. Ka rage mutane, ka sake ƙara kuɗin ɗinki, wanda yake son aikinka zai biya.

Tsohon Tela:
Ɗana, kada ka yi gaggawa. Alhaji Ɗan Kwari ya yi magana a matsayinsa na mai sayar da yadi, kuma yaron shagon yadi daban yake da yaron shagon ɗinki. Shi wancan yana ɗauko kaya ya ninke ya mayar, idan ya tafi gobe za a sami wani. Naka kuwa shi ne yake saka maɓalli, yake datse zare, yake kai kaya wurin masu aikin wuya da masu bugu, kuma shi ne telan da za ka jingina da shi nan da shekara uku. Idan ka sallame shi, ƙwararren da ya kamata ya zauna a kan keke shi ne zai tashi ya yi waɗannan ƙananan ayyuka, sai rigar da ake gamawa a yini ta koma yini da rabi.

Batun abinci ma na taɓa gwada shi a shekarun baya, lokacin da kasuwa ta yi mini nauyi. Na ce kowa ya ci da kansa. Abin da ya biyo baya shi ne, da an idar da sallar azahar sai shago ya zama wayam, wannan ya tafi gida, wancan ya tafi neman mai shinkafa da wake, ba sa dawowa sai gab da la'asar. Kwanon abinci guda da suke zagayewa su ci a bakin shago cikin minti ashirin, ashe shi ne yake riƙe mini su. Wata biyu na yi na mayar da shi.

Malam Akanta:
Ina goyon bayan Baba a kan a dakata, amma dalilina daban ne. Malam, a cikin bayaninka duka babu inda ka faɗi lita nawa kake saya a rana, ko nawa abincin yake ci a mako, ko nawa kake ɗauka daga aljihun tebur ka kai gida. Ka zaɓi yara da abinci ne saboda su ne kake gani da idonka kullum, ba don ka tabbatar su ne suka fi cin kuɗin ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma sai ya ɗaga kai ya duba. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ba ɗaya daga cikin yaran, duk abin da ya fita daga shago na tsawon mako uku a rubuta shi da kwanan wata: fetur, katin wuta, zare, allura, shafi, kuɗin Adaidaita Sahu, ruwan leda, sadaka, har da naira 50 ta harajin tura kuɗi da ake cira a kan abin da ya kai naira 10,000. Wanda ya fi muhimmanci, kai ma a rubuta ka. Ka yanka wa kanka albashi, ka daina sa hannu cikin kuɗin shago don cefane. Mafi yawan masu ƙananan sana'o'in da na yi wa lissafi a nan ne suke gano ramin da kuɗinsu yake zurarewa.

Mai Sola:
Maganin matsalar nan a fili yake, Malam, ka saka sola. Kano tana samun awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi a mafi yawan kwanakin shekara, kuma aikin tela da rana ake yin akasarinsa. Tun wajen 2018 aka fara ba wasu shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola a ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da lantarki a karkara, saboda haka ba sabon abu ba ne a garin nan. Kuɗin da kake zubawa a janareta na shekara biyu zai iya saya maka kayan da za su yi maka shekaru suna aiki.

Injiniya:
Ban ƙi sola ba, kuma ina ganin a can za a ƙare. Sai dai idan aka saka ta a kan shagon kamar yadda yake a yanzu, Malam zai sayi farantin sola da batir ninki biyu na abin da yake bukata. A fara rage abin da shagon yake sha tukuna.

Malam, ina da tabbacin kekunanka masu moton kuloci ne, irin wanda da zarar an kunna maɓalli za ka ji yana gurnani a ƙarƙashin tebur. Wannan moton yana juyawa ne ba tsayawa, ko allura tana tafiya ko ba ta tafiya. Taka feda kawai yana haɗa shi da keken ne. Yanzu ka tsaya ka kalli telanka mafi sauri na minti goma. Za ka ga yana daidaita yadi, yana ninke baki, yana saka zare, yana yanke ƙyalle, yana amsa waya, kuma lokacin da allurar take gudu a zahiri bai kai rabin wannan minti goma ba. Duk sauran lokacin moto shida suna cin wuta a banza. Akwai wani nau'in da ake kira sarbo, wanda ba ya juyawa sai an taka, da an ɗaga ƙafa ya tsaya cak. Masu ƙera shi suna cewa yana rage shan wuta da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma a kan teburin da kake da shi ake ɗaura shi, ba sai ka sayi sabon keke ba.

Abu na biyu shi ne dutsen guga, wanda a ganina ya fi kekunan laifi. Dutse ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa sama da 2,000 a lokacin da yake ɗaukar zafi, wato guda biyun nan suna iya kamo abin da kekunanka duka suke ja. Saboda su ne ka sayi babban janareta, kuma babban janareta ko ba a ɗora masa kaya sosai ba yana shan mai mai yawa don kawai ya ci gaba da juyawa.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Ƙaramin janareta mai fetur da wuya ya ba ka fiye da yunit biyu na wuta daga lita guda. Idan ka sayi lita a naira 900, kowane yunit ya tsaya maka a naira 450 ko fiye, ban da baƙin mai da gyara. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan yunit, daga baya ya dawo ƙasa da 210, kuma kowa ya yi kuka da shi. To wutar da ta fi kowace tsada a layin gwamnati ba ta kai rabin tsadar wadda kake haɗawa da kanka a bakin shago ba. Don haka duk aikin da yake cin wuta da yawa, musamman guga, a tara shi a yi shi a lokacin da aka kawo wuta, a bar wa janareta kekuna da fitilu kawai. Fitilun ma, idan da sauran ƙwan nan mai wat 60, a maye shi da na LED mai wat 9, haskensu kusan ɗaya ne.

Tela Ɗan Fagge:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Wallahi kamar ka shigo shagon, domin har yaran sukan fita sallah su bar moton yana gurnani. Tambayata ita ce, shin sarbon nan yana da ƙarfin huda wuri mai kauri, kamar wuyan kaftani da aka saka wa gam aka ninka? Sannan guga ba a ƙarshe kaɗai muke yin ta ba, a tsakiyar ɗinki ma sai an kwantar da wuya da aljihu da hannu kafin a ci gaba.

Injiniya:
Mai wat 550 ya ishi kaftani da babbar riga, masu ɗinkin fata da kujeru ne suke neman wanda ya fi haka. Abin da za ka kiyaye shi ne yana da allon lantarki a cikinsa wanda ba ya son wuta mai hawa da sauka, saboda haka ka haɗa shi da na'urar daidaita wuta, kuma ka tabbatar akwai mai gyaransa kusa kafin ka saya. Ka fara da guda ɗaya a kan keken da ya fi aiki. Game da gugar tsakiyar ɗinki, kai ka fi ni sani, amma ina ganin idan aka yanka wuya da aljihu na riguna goma a lokaci guda aka goge su gaba ɗaya da safe, ba za a riƙa kunna dutse sau talatin a yini ba.

Hajiya Mai Ɗinkin Mata:
Assalamu alaikum. Ina karanta ku daga Zariya, kuma na ga duk hankali ya tafi kan wuta, alhali akwai wata ɓarnar da ba ta da ƙara irin ta janareta. Malam, ka buɗe durowar da kuke ajiye kayan da aka gama, ka ƙirga nawa ne suka wuce wata biyu ba a zo an karɓa ba. Ranar da na yi haka a nawa shagon na zauna a ƙasa ina fito da su ɗaya bayan ɗaya, har da atamfar da aka kawo don bikin da yanzu amaryar ta haihu. Kowace riga a ciki na saya mata zare da shafi da zif, na ƙona mata mai, na biya wadda ta ɗinka, kuɗina yana kwance a cikin leda yana shan ƙura. Tun daga ranar ba na sa almakashi a kayan kowa sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Wasu sun yi fushi, har da 'yan uwa, amma waɗanda suka tafi su ne dama waɗanda ba sa biya.

Na biyu, ɗinkin da aka farke aka sake. Rigar da aka yi kuskuren awo a kanta sau biyu ta sha wuta, sau biyu ta ci lokaci, kuɗinta kuwa ɗaya ne. Na sa doka cewa mutum ɗaya ne yake awo, a rubuta a littafi da sunan mai kaya, a manna ƙyallen yadin a gefe. Na uku, aiken yaro kasuwa sau uku a yini don zare ƙwaya biyu ko maɓalli dozin ɗaya. Kuɗin motar da yake kashewa wani lokacin ya fi abin da aka aike shi ya sayo. Farin zare da baƙi da ruwan toka da ruwan madara kullum ana bukatarsu, a saye su a sari sau ɗaya a wata.

Ɗan Kwari:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan kafin alƙalami, domin bashi ne ya karya mutane da yawa a kasuwarmu. Amma a kan sari ina jan kunne. Wanda yake kukan babu kuɗi a hannu bai kamata ya kwashe ɗan abin da ya rage ya zuba a kayan da za su yi wata huɗu a kan kanta ba. A yi sarin abin da yake ƙarewa cikin wata, sauran launuka a saye su idan aikinsu ya zo. Kuma har yanzu ina nan a kan bakata cewa mutum bakwai a kan keke shida sun yi yawa idan aikin ya ragu da kusan rabi. Duk dabarun nan za su rage wani abu, amma ba za su dawo da kala biyun da mai kaya ya daina kawowa ba.

Tsohon Tela:
Alhaji, aikin tela ba a auna shi da watan da ake ciki. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah ake samun abin da ake ci har Babbar Sallah, kuma a wannan lokacin ko mutum goma gare ka sai sun yi kaɗan. Wanda ya sallami yaransa a lokacin sanyin kasuwa zai neme su a azumi ya tarar suna shagon maƙwabcinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da guga, mu da dutsen gawayi muka tashi, kuma har gobe yana kwantar da shadda yadda ya kamata. Me zai hana a koma masa?

Hajiya Mai Ɗinkin Mata:
Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa maka. A hannunka dutsen gawayi ba shi da haɗari, domin ka san yadda ake kaɗe toka a goge ƙasansa kafin a ɗora. A hannun yaro ɗan shekara goma sha biyar kuwa, tartsatsi ɗaya ya faɗa kan farar shaddar Getzner ta mutane, ribar wata guda ta tafi wurin biya, ga kuma zubewar mutunci. Ni na bar wa gawayi kayan da suke da duhu da kuma kwantar da gam, fararen kaya sai na lantarki.

Tsohon Tela:
Na karɓi wannan gyaran, 'yata.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu mun ɗanɗana wannan tun Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. A layinmu shago huɗu ne, kowa da ɗan injinsa yana hayaƙi. Muka haɗu muka ajiye uku, muka bar ɗaya mai ɗan girma, aka ja wa kowa waya, ana raba kuɗin mai bisa yawan kekunan kowane shago. Man da muke saya ya ragu sosai, saboda inji ɗaya mai cikakken kaya ya fi huɗu masu rabin kaya tattali. Wahalarsa ita ce amana: sai da muka rubuta sharaɗi cewa ba wanda zai jona dutsen guga, muka kuma ba dattijon cikinmu riƙon kuɗin.

Mai Sola:
Duk na yarda a rage kaya tukuna, hakan ma zai sauƙaƙa farashin abin da za a saka. Amma Injiniya, shawararka ta a jira wutar layi don guga tana aiki ne idan ana kawo ta. Ka tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da suke kawo wuta arewa suka lalace, Kano da jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda a duhu. Wanda yake da faranti a rufinsa bai rufe shago ba a wannan makon.

Injiniya:
Haka ne, kuma shi ya sa na ce a can za a ƙare. Shawarata dai ita ce idan lokacin ya yi, a sa kuɗin a faranti da inbata mai kyau (na'urar da take mayar da wutar sola irin wadda kekuna suke aiki da ita), a taƙaita batir, tunda batir ne ya fi tsada kuma shi ne yake fara mutuwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Batir irin na ruwan nan ba a so a riƙa shanye fiye da rabinsa, in ba haka ba ba zai daɗe ba. Kada a ɗora masa dutsen guga da dare. A lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙurar faranti duk bayan kwana biyu ko uku. Aikin daren azumi a bar wa ƙaramin janareta, wata ɗaya ne a shekara.

Tela Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Yau mako uku ke nan, na dawo da abin da littafin ya nuna kamar yadda Malam Akanta ya umarta. Fetur ne a sama, lita takwas a rana a makon farko. Abin da yake biye masa ya girgiza ni, domin ni ne: kuɗin da nake zara kaɗan-kaɗan don cefane da hidimar 'yan uwa ya ninka kuɗin abincin yaran sau biyu da wani abu. Abin da nake ba yara ukun masu koyo kuwa yana can ƙasa, bai kai kuɗin Adaidaita Sahun aike ba. Na buɗe durowa kamar yadda Hajiya ta ce, na tarar da kaya ashirin da uku da ba a karɓa ba, na bi su da waya, an zo an karɓi tara an biya. A cikin riguna kusan sittin da muka ɗinka, bakwai sai da aka farke wani wuri.

Tun mako na biyu na sa doka cewa duk wanda ya tashi daga kan keke ya kashe moto, guga kuma sau biyu a yini, da safe da bayan la'asar, sai idan an kawo wuta. Na cire dutse ɗaya daga kan janareta gaba ɗaya. Da wannan kaɗai mun sauko zuwa lita biyar da rabi. Da kuɗin kaya taran nan na sayi sarbo guda ɗaya, wanda yake kan keken ya yi kwana biyu yana ƙorafin cewa ƙafarsa ba ta saba ba, yanzu kuma sauran suna rigimar wanda za a saka wa na gaba. Ban sallami kowa ba, abinci yana nan. Alhaji Ɗan Kwari, ban watsar da maganarka ba: ƙaramin cikin yaran na yi magana da mahaifinsa zai riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta maimakon yini guda, kuma idan bayan Babbar Sallah lissafin bai daidaita ba zan sake duba yawanmu.

Malam Akanta:
Madalla. Kada a rufe littafin don mako ukun sun cika. Ka buɗe masa shafi na biyu na abin da yake shigowa, ka raba kuɗin mai da wuta da zare na wata a kan yawan rigunan da aka gama, domin ka san abin da riga ɗaya take ci kafin ka sake taɓa farashi. Kuɗin lita biyu da rabin da ka rage kuma ka ware shi kullum a wani asusu dabam, shi ne zai sayi sarbo na biyu.

Hajiya Mai Ɗinkin Mata:
Injiniya, nawa kekunan biyu ƙanana ne irin na gida da aka ɗaura wa ɗan moto a gefe. Su ma sai na canza?

Injiniya:
A'a Hajiya, ki bar su. Ɗan moton nan dama ba ya juyawa sai an taka, kuma abin da yake ja bai fi wat 100 zuwa 150 ba. Manyan kekuna masu moto a ƙarƙashin tebur kaɗai nake nufi. Idan kina da irinsu, ki kunna maɓalli ba tare da kin taka feda ba, idan kin ji ƙara to mai kuloci ne.